Ƙullacin maza a kan mata: me za a auna a Zango, kuma da wane awo?

Duk mai zama a bes ɗin ataya, wato majalisar shan shayi ta samari, a Nima ko Mamobi a Accra ya san hirar. Wani ya ce matan yanzu ba amana. Wani ya ce in ba ka da kuɗi ko sallamarka ba a amsawa. Na uku ya kawo nasa: shekara biyu yana tura mata MoMo, ya saya mata waya, ya biya mata kuɗin koyon ɗinki, rana tsaka sai ga katin aurenta da wani boga, ɗan gida mazaunin Jamus. A yi dariya, a zuba zagaye na biyu, a koma maganar ƙwallo. Mafi yawan masu wannan hira har su mutu ba za su ɗaga wa mace hannu ba. Amma a cikinsu akwai wanda ba hira yake yi ba. Shi ya riga ya yanke hukunci cewa yana bin mata bashi, sun ƙi biya, don haka duk abin da ya yi musu ramuwa ce. Ra'ayina shi ne wannan hukuncin yana aunuwa, ya kamata a auna shi a zangunan Accra da Kumasi, kuma yawancin kayan awon da ake kawo mana daga waje ba shi suke kamawa ba.

Abu uku ake cakuɗawa. Akwai mai ganin ciyarwa ta miji ce, kula da gida na mace ne. Akwai mai raina hankalin mata. Sannan akwai mai ƙullaci, wanda ke jin an cuce shi, mata ne suka cuce shi, kuma yana da ikon ramawa. Dattijon Sabon Zango da ba ya son matarsa ta yi dare a kasuwa yana cikin na farko, amma ranar da ya ji ɗansa ya zagi 'yar maƙwabci a Facebook, da kansa zai kai shi ya ba da haƙuri. Saurayin da bai damu ba ko mace ta zama minista, amma yana ajiye da hotunan wadda ta rabu da shi yana jiran ranar bikinta, shi ne na uku. Takardar tambayoyin da ba ta raba waɗannan ba, za ta ba dattijon maki mai yawa, ta wanke saurayin tas.

Awon da ya fi shahara shi ne na Peter Glick da Susan Fiske, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda suka fitar a 1996. Jimloli 22 ne, mutum yana zaɓar yardarsa daga 0 zuwa 5. Guda 11 suna auna gaba da mata a fili, guda 11 kuma suna auna lallashin da ke ɗaukar mace a matsayin abar tausayi da ba ta iya tsayawa da ƙafarta. A wani bincike da aka wallafa a 2000 an gwada shi a ƙasashe 19 da mutum fiye da 15,000, har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Botswana. Rabin farko ya kusanci abin da muke nema, sai dai wasu jimlolinsa a kan 'yan fafutukar mata suke magana, abin da saurayin Aboabo zai iya amsawa ba tare da ya san su wa ake nufi ba. Wasu kuma an juya su da gangan don a kama mai amsa "eh" ga komai, kuma irin waɗannan su suka fi rikita mai sauraro in an karanta masa da baki.

A nan gida, abin da muke da shi shi ne binciken lafiya da yawan jama'a na Hukumar Ƙididdiga ta Ghana. Yana tambaya ko miji yana da hujjar dukan matarsa in ta ƙona abinci, ko ta yi masa musu, ko ta fita ba ta faɗa masa ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. A zagayen 2014, mata kashi 28 cikin 100 suka yarda da aƙalla ɗaya, maza kuma kashi 13. Mata sun ninka maza har da ɗoriya. Ba wai mata sun fi maza ƙin mata ba ne. Tambayar tana auna abin da aka saba gani a gidan aure, kuma namiji in ya ga baƙo da takarda a hannu ya san amsar da ake so a ji. Ban da haka, tambayoyin biyar duk na cikin aure ne. Ba su ce komai ba a kan gwauron da ko kuɗin gaisuwa bai kai ba, alhali shi ke riƙe da waya har asuba.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin Bettina Rottweiler da Paul Gill a wata jami'ar Landan. Sun gina gajeren awo mai fuska uku: ganin mata a matsayin makirai masu cin gumin namiji, rashin yarda da su, da ƙasƙantar da su. A binciken da suka yi da maza a Birtaniya, dangantakar wannan da niyyar tashin hankali ta fi ƙarfi ga waɗanda ke jin an hana su abin da ya cancance su. Wannan ya yi daidai da abin da kowa ke gani a unguwa. Amma olonkar kasuwar Landan, wato mudun awonta, ba ta Nima ba ce, dole a ƙera tamu.

Ga yadda ake ƙera ta. Ba daga ofis ake fara rubuta jimloli ba. Ana zama da ƙungiyoyi kamar takwas, kowace mutum shida zuwa takwas, samari daban, magidanta daban, 'yan mata daban, zawarawa daban, a bar su su yi magana da Hausar da suke yi, da Twi da Turancin titi da ke shiga ciki. Daga bakinsu za a tsinto jimloli kamar 60, a tace su koma 30. Kowace jimla ta ɗauki abu ɗaya tak. "Mata maƙaryata ne kuma kuɗi kawai suke so" jimla biyu ce a rigar ɗaya, wanda ya yarda da rabi bai san me zai ce ba. Ni fuska huɗu nake ganin dole su fito. Ta bashi: "Yarinyar da ta ci kuɗin saurayi ba ta da ikon cewa ba ta yi." Ta zargi: "Yawancin wahalar samari a yau mata ne sanadinta." Ta jin an haɗe wa maza kai: "In ka je wurin hukuma da mace, kafin ka buɗe baki an ba ta gaskiya." Sai ta halalta ramuwa: "Wadda ta wulaƙanta namiji, in ya tona mata asiri ita ta jawo." Ta huɗun ita ce mafi muhimmanci, domin a nan ne ra'ayi ke zama izini.

Kafin a fita fili, a karanta wa mutum 15 zuwa 20 jimlolin ɗaya bayan ɗaya, a ce kowa ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. A nan ake gano cewa "tona asiri" ga wani faɗa wa iyayenta ne, ga wani kuma watsa hotonta ne, sai a gyara jimlar ta faɗi wanda ake nufi. Ga wanda ba ya karatu, matakan yarda biyar ba sa zama a ka, don haka a zana masa kofunan ataya biyar a kati, daga wanda ba komai ciki zuwa wanda ya cika, ya ɗora yatsa. Gwajin farko na son mutum kamar 300. Lissafi zai nuna waɗanne jimloli ke tafiya tare, a zubar da masu tafiya su kaɗai, a rage 10 zuwa 12. Adadin da ke nuna haɗin kansu, wanda ƙololuwarsa 1 ce, kada ya gaza 0.7. Bayan mako biyu zuwa huɗu a koma wa wasu daga cikinsu da tambayoyin. In makin mutum ya yi sama da ƙasa sosai, to fushin ranar aka auna, ba abin da ya zauna a zuciya ba.

Wa za a tambaya? A nan yawancin ƙananan bincike ke faɗuwa. Wanda ya liƙa tambayoyi a Facebook, masu zafin rai da masu son musu ne za su amsa masa. Wanda ya je bes biyu da ya sani, abokansa ya auna. Mutum 385 da aka zaɓa ta ƙuri'a suna ba da kuskuren da bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba, amma tunda a lungu-lungu ake ɗibar mutane, kuma 'yan lungu ɗaya ra'ayinsu na kama da juna, a ninka zuwa 800. Gidan haya a Nima yana iya ɗaukar ɗakuna goma sha wani abu, to ɗaki ake lissafawa, ba ƙofar gida ba. Da rana kuma mata da tsofaffi za a tarar, samarin suna kasuwar waya ta Circle, ko kan okada, ko wurin kanikawa na Suame Magazine in Kumasi ne. Sai a koma bayan isha'i, har sau uku, kafin a sauya wani. Saurayin da ya fi wuyar samu a gida sau da yawa shi ne wanda aka fito nema.

Sai matsalar kunya. Babu wanda zai faɗa wa ɗan Malam wane, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, cewa ya taɓa yi wa yarinya barazana da hotonta. Masu tambaya su zo daga wani zango, na Madina su je Sabon Zango, na Asawase su je wani wuri. Tambayoyi masu nauyi a sa wa mutum abin ji a kunne, murya ta karanta masa, ya danna amsa da kansa. Akwai kuma dabarar jeri. A raba mutane gida biyu ta ƙuri'a. Kashin farko a karanta musu abubuwa huɗu marasa kunya, kamar "na hau trotro a makon nan", a ce kada su faɗi wanne, su faɗi guda nawa ne gaskiya. Kashi na biyu a ƙara musu na biyar: "na taɓa tura hoton wata mace ba da saninta ba." In matsakaicin kashin farko 2.1 ne, na biyu 2.4, to kusan mutum 30 cikin 100 sun amsa na biyar ba tare da asirin kowa ya tonu ba. Tsadarta ita ce tana cin mutane da yawa kafin lissafin ya tsaya, kuma tana lalacewa in abubuwa huɗun duk gaskiya ne ga mutum, domin da ya ce "biyar" ya fallasa kansa. Shi ya sa ake sa biyu masu karo da juna a cikin huɗun.

Haka nan aiki ake tambaya, ba suna ba. "Ka taɓa cin zarafin mace?" kowa zai ce a'a, kuma har ransa ya yarda. Amma "a wata 12 da suka wuce, sau nawa ka kira mace da sabuwar lamba bayan ta toshe ka?" tana samun amsa. Mata kuma a tambaye su me ya iso wayarsu, daga wa, me ya biyo baya. A bi ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: mace ɗaya a gida, a keɓe, kada a tambayi namijin gidan irin tambayoyin, kuma mai tambaya ta riƙe lambar inda za a tura wadda ke cikin haɗari.

Wasu za su ce me ya kai mu wannan wahala alhali zagin yana nan a rubuce, a sa kwamfuta ta ƙirga. A 2018 Amnesty ta yi haka da saƙonnin Twitter da aka aika wa mata 778, 'yan siyasa da 'yan jarida a Birtaniya da Amurka, ta samu kashi 7.1 cikin 100 na zagi ne ko kusa da shi, kuma baƙaƙen mata sun fi fararen shan sa da kashi 84. Aiki ne mai kyau, amma da Turanci aka yi shi, a dandalin da ƙofarsa ke buɗe. Namu yana cikin WhatsApp inda mai bincike ba ya gani, a saƙon murya, a status mai ɓacewa bayan awa 24, a TikTok kai tsaye. Abin da aka rubuta ma Hausa ce da Twi a gauraye, kowa da yadda yake jera baƙaƙensa. Ga kuma habaici. "Allah ya shirya 'ya'yan wasu, mu dai mun san inda aka kwana" babu ashar ko ɗaya a ciki, amma duk lungun ya san da wa ake, kuma ya isa a dawo da kayan lefe. Kwamfutar za ta wuce wannan, ta kama ƙawaye biyu da ke ce wa juna 'yar iska cikin wasa. A 2025 masana daga nahiyar nan sun fitar da tarin saƙonnin ƙiyayya mai suna AfriHate a harsuna 15, har da Hausa da Twi, kuma ci gaba ne. Sai dai Hausar intanet mafi yawanta ta Najeriya ce. Mai son ƙirga tamu dole ya zaunar da 'yan unguwa uku su tantance kowane saƙo kowa shi kaɗai, in ba su daidaita ba a sake rubuta ƙa'idar. Kuma mutane za a ƙirga, ba saƙonni kawai ba, domin mutum biyar masu asusu uku-uku suna iya cika shafi har ka rantse gari ne ya taso.

To, akwai dangantaka tsakanin ƙullaci da duka? Akwai. Wani bincike da Khandis Blake da abokan aikinta suka wallafa a 2021 ya bi saƙonnin ƙin mata na Twitter a yankuna fiye da 400 na Amurka, ya ga inda suka fi yawa nan ne rahoton duka a gida ya fi yawa a shekarar da ta biyo. A binciken UNESCO na 2020, kashi 73 na mata 'yan jaridar da suka amsa sun ce an ci zarafinsu a intanet, kashi 20 kuma sun ce abin ya biyo su waje. Wanda ya fi burge ni ƙarami ne: a wani bincike da aka wallafa a 2015 an saurari 'yan wasan kwamfuta na Halo 3, aka ga mazan da ake cinyewa su suka fi zagin murya in ta mace ce, gwanayen kuwa ba ruwansu. Zafin faɗuwa ne ke neman inda zai sauka.

Ana yawan kawo kisan gilla a wannan magana: Montiriyal a 1989 inda aka kashe mata 14 a makarantar injiniya, Isla Vista a 2014, Toronto a 2018, Plymouth a 2021. Duk sun faru, kuma ƙin mata na cikin abin da maharan suka bari a baya. Amma wanda ya zo Zango yana neman irin wannan zai koma ya ce lafiya lau. Namu ba baƙuwa yake nema ba, wadda ya sani yake nema: tsohuwar matarsa, ko yarinyar da ta ce ta fasa. Ba ya ma buƙatar binciko gidansu, lungu ɗaya ne tsakani. Sau da yawa kuma ba hannunsa ke dukan ba. Shi hoto kawai ya tura a guruf ɗin WhatsApp da daddare. Kafin azahar ya kai wayar gwaggon ango, kafin la'asar an aiko a ce an fasa, da magariba yayyenta maza suka rufe ɗaki da ita. Takardar da ta tambayi mace "wanda ya tura hoton ya doke ki?" za ta rubuta a'a, ta wuce. Dole a tambaya wa ya doke ta, an cire ta daga makaranta, an fasa auren, ta bar unguwar.

Duk da haka kada a ɗora wa awon abin da ba zai iya ba. Binciken lokaci ɗaya ba ya nuna wanne ya riga wanne, domin mai yiwuwa ne mutum ya fara aikata abin, sannan ya nemi ra'ayin da zai wanke shi. Maganinsa a bi mutum 800 ɗin nan bayan wata 6 da wata 12, a tambayi abin da ya faru tsakani, rabuwa ce, korar aiki ce, a karɓi lambar ɗan'uwa biyu tun farko saboda yawan sauya layi. Uwa-uba, awon ba na nuna mutum da yatsa ba ne. Mu ƙaddara samari 10,000, a cikinsu 10 ne za su yi mummunan ta'adi, awon kuma yana dacewa sau 9 cikin 10, wanda da wuya a samu mai kyan haka. Zai kama 9 daga cikin goman, ya kuma shafa wa mutum 999 da ba su ji ba su gani ba. Samarin Zango ba su rasa masu yi musu kallon masu laifi ba. Saboda haka kada a rubuta suna, a bi Dokar Kare Bayanai ta 2012, kada a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 30 ba, kuma a yi tambayoyin a unguwannin da ba Zango ba, irin su Chorkor da Bantama, ma. In ba a yi ba, kanun jarida zai ce samarin Zango sun tsani mata, alhali babu wanda ya auna na kowa.

Na san abin da samarin za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Doka ta ce kuɗin haya na gaba kada ya wuce wata shida, mai gida na neman shekara biyu. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Lefe kullum ƙaruwa yake. Akwai kuma 'yan matan da suka ci kuɗin mutum da niyyar yaudara, ba ƙarya ba ne. To shi ya sa za a auna zafin daban, a auna wanda aka ɗora wa laifin daban. Samari biyu na iya kwana ɗaki ɗaya da bashi iri ɗaya, ɗaya ya zagi mai gida da gwamnati, ɗayan ya zagi mata. Abin da ya raba su shi ne abin nema. Wanda aka cuta da gaske ma yana da hanya, malaman Malikiyya sun yi bayanin lokacin da ake mayar da kyautar neman aure in an fasa, ga liman ga sarkin zango. Ya dace a tambaya ko ya san da hanyar, kuma ko ya yarda za ta yi masa adalci.

Amfanin wannan aiki duka shi ne a san abin da ke tasiri. Muna da Dokar Tashin Hankali a Gida ta 2007, muna da DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da ƙarar tashin hankali a gida, muna da Dokar Tsaron Intanet ta 2020 wadda ta sa ɗauri ga mai watsa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba, da ɗauri mai tsawo sosai ga mai neman wani abu da barazanar watsawa, ga lambar 292 ta kai ƙara. Amma yawan ƙara a ofis ba awo ba ne, in ya ƙaru wataƙila mata ne suka fara yarda da ofishin. In limamai sun yi wata uku suna huɗuba a kan ƙazafi da yaɗa alfasha daga Suratun Nur a unguwa ɗaya, a auna kafin da bayan, a kwatanta da unguwar da ba a yi ba. Kuma a sa tambaya ɗaya a kan 'yan kallo: karon ƙarshe da aka turo hoton wata a guruf ɗinku, an goge, an yi shiru, an yi dariya, ko an tura gaba? Mai ƙullaci ɗaya ne a guruf mai mutum 200, sauran 199 su ke kai hoton gidan surukai, kuma su sun fi shi sauƙin amsa tambaya da gaskiya tunda ba sa ganin laifin nasu ne.